Ba'amurke sabon zuwa Ingila a gaban wasan Firimiya: ta ina za a fara yi masa bayani?

DanFagge_London
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga tambaya ga masanan cikinmu. A ɗauka Ba'amurke ne aiki ko karatu ya kawo shi Ingila, mutumin da ya tashi da kallon NFL (gasar ƙwallon Amurka mai hular kwano) da NBA (gasar ƙwallon kwando ta Amurka), yau ya zauna kallon wasan Firimiya na farko. Agogo ya kai 90 ba a tashi ba. An zura ƙwallo, an yi murna, an soke. Ƙarshe aka tashi 0-0, magoya bayan baƙi suna ta tafi, shi kuwa yana zaune yana jiran a dawo a raba gardama. Ni a ganina satar gida ce babbar matsalarsa, in ya gane ta ya gane rabin wasan. Ku fa? Da me za a fara, me za a bari sai ya kwana biyu?

MaiUsur
Wa alaikumus salam. Malam, ajiye satar gida tukuna, fara masa da agogo. A NFL wasa kashi huɗu ne, kowanne minti 15, agogo yana sauka ne zuwa sifili, yana kuma tsayawa idan aka jefa ƙwallo ba a cafe ba ko aka yi ci. Kowace ƙungiya tana da damar tsayar da wasa sau uku a kowane rabi. Shi ya sa minti 60 ke cin kusan awa uku. Kowa a filin ya san daƙiƙa nawa ta rage.

A nan kuwa rabi biyu ne, minti 45 kowanne, hutu ba ya wuce minti 15. Agogo hawa yake yi, ba ya tsayawa, kuma wanda ke kan talabijin ba shi ne hukunci ba. Na gaskiyar yana ɗaure a hannun alƙalin wasa. Shi ke lissafa abin da aka ɓata wajen canjin 'yan wasa, duba mai rauni, ba da kati, murnar ci da duba VAR (alƙalin da ke taimakawa ta bidiyo), sai alƙali na huɗu ya ɗaga allo a bakin layi. Abin da za a nanata masa: lambar da ke kan allon ita ce mafi ƙaranci. In an ɗaga 4, ana iya kai 6 idan an sake ɓata lokaci, amma ba za a tashi kafin 4 ɗin ta cika ba. In kuma aka ba da fenareti a daƙiƙar ƙarshe, sai an buga shi. A wasan Ingila da Iran na Kofin Duniya na 2022, ƙarin da aka yi a rabin biyu ya kai kusan minti 27.

Sadiq_Gunners
Ƙari a kan na MaiUsur: ko minti nawa aka ƙara a rabin farko, rabi na biyu daga 45 yake tashi. Shi ya sa ake rubuta 45+3 maimakon 48. Wannan ma yana ɗaure musu kai idan suna karanta sakamako.

MaiTuta_Zariya
Ni ina bayan mai tambaya. Agogo bayanin minti biyu ne. Satar gida ce ke sa mutum ya ga kamar ana cutar ƙungiyarsa, domin a NFL laifin da ya yi kama da ita layi ne tsayayye: ka ƙetare shi kafin a fara bugu, a ja ƙungiyarku baya yadi 5. A nan layin tafiya yake yi da 'yan baya. Ga yadda za a jera masa.

Da farko ya daina kallon lokacin da ɗan gaba ya karɓi ƙwallo. Lokacin da abokin wasansa ya buga ta shi ne ma'auni. A wannan ƙiftawar idon ake tambaya: yana cikin rabin filin abokan hamayya? Ya fi ƙwallon kusa da layin raga? Ya fi mutum na biyu daga ƙarshe na abokan hamayya kusa da layin? In duka ukun e ne, yana wurin satar gida. Kai da jiki da ƙafa ake aunawa, hannu ba ya cikin lissafi, ko na gola ne. In sun yi kafaɗa da kafaɗa babu laifi, haka dokar take tun 1990.

Na biyu, tsayawa a wurin ba laifi ba ne. Sai ya taɓa ƙwallon, ko ya tare wa gola gani, ko ya yi takara da ɗan baya a kanta, ko ya amfana da wadda ta dawo daga turke ko daga hannun gola. Na uku, babu satar gida daga jifa, bugun kusurwa, ko bugun gola bayan ƙwallo ta fita. Hukuncinta kuma bugun tazara ne wanda ba a cinsa kai tsaye, ba kati.

Alhaji_Tanko77
Malam MaiTuta, a sauƙaƙa wa baƙo mana. A ce masa kada ɗan gaba ya wuce ɗan baya na ƙarshe, shi ke nan.

MaiTuta_Zariya
Ranka ya daɗe, wannan gajeriyar hanyar ita ke ɓatar da mutane. Dokar ba ta san gola ba, mutum biyu ta sani. Ana cewa ɗan baya na ƙarshe ne kawai saboda yawanci gola yana cikin raga, shi ne na farko. Ranar da gola ya fito tsakiyar da'ira neman ƙwallon kusurwa, aka bar ɗan baya ɗaya a kan layi, to golan ne ya zama mutum na biyu. Duk wanda ke tsakaninsa da layin, in yana gaban ƙwallo, yana wurin satar gida, ko da ga ɗan baya can a bayansa. Ranar baƙonku zai rantse an yi coge.

Hajiya_Firimiya
Duk kuna cikin fili, alhali matsalar tana kan teburi. Ku koma tambayar farko: an tashi 0-0, baƙi suna tafi. Ba doka ce ta ɗaure masa kai ba, darajar canjaras ce bai sani ba. A NBA babu kunnen doki sam, ana ta ƙarin minti biyar har sai wani ya yi nasara. A NFL yana yiwuwa a wasannin kaka bayan ƙarin lokaci, amma ba kasafai ba. Shi a wurinsa wasan da babu gwani bai ƙare ba.

A buɗe masa teburi. Ƙungiya 20, kowa ya kara da kowa sau biyu, gida da waje, wasa 38. Nasara maki 3, canjaras maki 1, rashin nasara babu komai. Wanda ya fi maki a watan Mayu shi ne zakara, babu wasan ƙarshe, babu wani Super Bowl, wato wasan ƙarshe na NFL. In maki ya zo ɗaya a duba rarar ƙwallaye, wato abin da ka ci a cire abin da aka ci ka, sannan yawan waɗanda ka zura. A 2012 Manchester City da Manchester United duk sun gama da maki 89, rarar ƙwallaye ce ta ba City kofi, bayan Aguero ya ci QPR a minti na 94. Ga agogon MaiUsur ga teburi a misali guda.

In ya fahimci wannan zai gane dalilin da ƙaramar ƙungiya za ta je Anfield, gidan Liverpool, ta tsuguna a baya minti 90, ta dawo da maki ɗaya tana murna. Ita ta samu ɗaya, mai gida ya zubar da biyu. Arsenal ta 2003-04 da ba a doke ta ba, canjaras 12 ta yi cikin wasa 38.

Sadiq_Gunners
Nasara 26, canjaras 12, maki 90. Allah ya saka da alheri Hajiya da kika tuna da mu.

Bature_Kwando
Wani gyara kaɗan don kada baƙon ya ɗauka ko'ina haka ne. A Sifaniya idan maki ya zo ɗaya a ƙarshen kaka, sakamakon karawar ƙungiyoyin biyu ake fara dubawa kafin rarar ƙwallaye. Sannan maki uku ba tun fil azal ba ne, Ingila ta fara a 1981, kafin nan nasara maki biyu ce. An ƙara ne don a rage wa canjaras daraja, wato su ma masu wasan sun san akwai matsala a nan. Ba'amurken bai yi ƙarya ɗari bisa ɗari ba.

Malam_Lissafi
Hajiya ta kai bakin ƙofa, bari in shiga ciki. Abin da babu shi kwata-kwata a tunanin Ba'amurke shi ne faɗuwa. Uku na ƙasan teburi suna sauka zuwa Championship, rukuni na biyu, mai ƙungiya 24 da wasa 46. Biyu na saman can su hau kai tsaye, na biye da su su fafata a kan gurbi na uku, wasan ƙarshe a Wembley. A ƙasa kuma ga League One, League Two, National League, har zuwa ƙungiyoyin ƙauye, duk tsani ɗaya.

A Amurka abin a juye yake. NFL ƙungiya 32 ce, babu mai shiga babu mai fita. Wadda ta fi kowa lalacewa a kaka ita ake ba damar farko ta zaɓi gwanin matasan da ke fitowa daga jami'o'i, ga kuma iyakar albashi da ta hau kan kowa. Wato na ƙarshe lada yake samu. Har a NBA akan zargi ƙungiya da sakin wasa da gangan don ta samu zaɓi mai kyau. To mutumin da ya saba da haka, in ya ga na 17 da na 18 suna wasa a watan Afrilu kamar za su cinye juna, fili cike, dole ya tambaya me ake nema. Amsar ita ce kuɗin talabijin da ke raguwa warwas da zarar an faɗi, da 'yan wasan da za a sayar, da albashin da kwantiragi ya ce a zaftare, da ma'aikatan da za a sallama.

A ba shi misalai masu kama zuciya. Leicester ta ci Firimiya a 2016, ta faɗi a 2023. Luton tana wajen rukunoni huɗu na ƙwararru har 2014, ta shigo Firimiya a 2023. An saba cewa maki 40 ya isa tsira, amma West Ham ta faɗi da 42 a 2003.

Ummi_Blues
Mafi sauƙi a ce masa Wrexham. Ryan Reynolds da Rob McElhenney sun saye ta a 2021 tana mataki na biyar. Ta hau a 2023, ta sake hawa a 2024, ta kuma hawa a 2025 zuwa Championship. Amurkawa da yawa ta nan suka fara jin labarin hawa da sauka. Sai dai ku shirya wa tambaya ta gaba: Wrexham a Wales take, me ya kawo ta gasar Ingila? Haka Cardiff da Swansea. Kuma Wales tana da tawagarta daban, Scotland daban, Ireland ta Arewa daban, duk da fasfo ɗaya suke riƙewa. Wannan kam a bar masa sai wata na biyu.

Gola_Na_Sabongari
Ku yi haƙuri zan mayar da ku fili. Layi ma yana ruɗa su. A kwando da NFL in ƙafarka ta taka layi kana riƙe da ƙwallo ka fita. A nan ba ruwan kowa da ƙafarka, kana iya tsayawa a waje kana buga ƙwallon da ke ciki. Ƙwallo ba ta fita ba sai gaba ɗayanta ta haye layin, a ƙasa ko a sama. Haka ci. A NFL hancin ƙwallo ya taɓa layin ci an samu maki 6, a nan ko kashi tara cikin goma ya shige, ba a ci ba. A nuna masa ƙwallon Japan ta biyu a ragar Sifaniya a 2022, wadda Mitoma ya kwaso daga bakin layi. Daga gefe sai ka ga ciyawa tsakanin ƙwallo da layi, amma daga sama cikinta yana kan layin.

Amfanin da yake da shi ɗaya: ma'aunin filin da yadi aka yi shi, kuma da yadi ya saba. Fenareti yadi 12, katanga yadi 10, babbar da'ira yadi 18, raga faɗin yadi 8 tsayin ƙafa 8. Kada ku wahalar da shi da mita 9.15.

Alhaji_Tanko77
To ku masana, me za a ce masa game da masu faɗuwa suna birgima? Mutumin da ya saba ganin ƙato ya yi karo da ƙato sun tashi, ya ga an ɗan shafi wani ya kwanta kamar an sare shi. Wannan ko ni ba ni da amsa mai daɗi.

MaiUsur
Alhaji, amsar kashi biyu ce, kuma ɗaya ba ta wanke kowa ba. Ta farko, ɗan wasan NFL yana sanye da hular kwano da sulke a kafaɗa, namu ba shi da komai sai 'yar kariyar ƙwauri, kuma takalmi mai ƙusoshi ne ke sauka a idon sawunsa yana cikin gudu. Ciwon gaske ne ko da zai tashi bayan minti ɗaya. Ta biyu, tunda koci ba shi da damar tsayar da wasa, kwanciya ita ce hanyar shan iska da karya wa abokan hamayya ƙarfi. Sannan a wasan da yawanci ƙwallo biyu zuwa uku ake ci gaba ɗaya, fenareti guda ya isa ya raba gardama, don haka jarabar yaudara tana da ƙarfi.

Doka ta tanadi katin gargaɗi ga mai faɗuwar ƙarya. Wanda kuma masu magani suka shigo dominsa dole ya fita, sai alƙali ya yafuto shi ya dawo, ban da gola da wasu 'yan lokuta, misali idan wanda ya yi masa ketar ya karɓi kati. Akwai kuma abin da ba doka ba ne, al'ada ce: in an fitar da ƙwallo waje don a duba mai rauni, ɗaya ɓangaren yana mayar da ita. Baƙo zai ga an jefa wa abokin gaba ƙwallo ana tafi, sai an gaya masa dalili.

Ummi_Blues
Kati fa? A kwando in ɗan wasa ya cika laifi shida a NBA ya fita, wani ya maye gurbinsa. A nan jan kati yana nufin ku ƙarasa da mutum goma, babu mai shigowa, kuma horon yana bin sa zuwa gaba: katin gargaɗi biyu a wasa ɗaya dakatarwar wasa ɗaya, mugunyar keta ko kai wa wani duka, dakatarwar wasa uku. Katin gargaɗi biyar cikin wasanni 19 na farko shi ma wasa ɗaya ne. In ƙungiya ta koma ƙasa da mutum bakwai ba a ci gaba.

Canji kuma biyar ne, a tsayawa uku ban da hutun rabin lokaci, kuma wanda ya fita ya fita ke nan. A NFL rundunar kai hari daban, ta tsaro daban, ta bugu daban, ana shiga ana fita ba iyaka. Shi ya sa yake mamakin ganin an bar gwani a benci har minti 60, ko an cire ɗan gaba an sa ɗan baya ana 1-0.

Bature_Kwando
Kada a manta da barin wasa ya ci gaba. Ya ga keta ƙuru-ƙuru, alƙali ya miƙa hannu gaba bai busa ba. A gaya masa ba makanta ba ce: tsayar da wasan zai fi cutar wanda aka yi wa ketar, kuma alƙali yana iya dawowa ya ba da katin idan ƙwallo ta fita. Yana da makamancin haka a gida, domin a NFL ƙungiya tana iya ƙin karɓar hukuncin da aka yanke wa abokiyar karawarta. Bambancin, a can ƙungiya ke zaɓa, a nan alƙali.

VAR kuma ba koci ke kira ba, babu jan ƙyallen da koci ke jefawa a fili a NFL don neman a duba bidiyo. Asalin tsarin abu huɗu yake dubawa: ci, fenareti, jan kati na kai tsaye, da ba wa wani katin wani. Firimiya ta fara amfani da shi a kakar 2019-20.

DanFagge_London
Na gode ƙwarai. Zuwa yanzu ina da agogo, satar gida, teburi, faɗuwa. Amma ga wata: ranar Asabar ya ga Liverpool a Firimiya, Talata ya gan ta da ƙungiyar Italiya, wani satin kuma da wata ƙungiyar da bai taɓa jin sunanta ba. Ya buɗe teburi bai ga an ƙara maki ba.

Malam_Lissafi
Sai a zana masa gida huɗu a takarda. Firimiya daga Agusta zuwa Mayu, ita kaɗai ke shiga wancan teburin. Kofin FA, wanda aka fara a kakar 1871-72, sili ɗaya ƙwale ne, da ƙuri'a ake haɗawa, ɗaruruwan ƙungiyoyi ke shiga, manya suna shigowa a zagaye na uku a watan Janairu. Kofin Lig na ƙungiyoyi 92 ne na rukunoni huɗu na sama. Sai gasannin Turai, waɗanda matsayinka na bara ke kai ka. Babu wadda ke zuba maki a wata. Wigan ta doke Manchester City 1-0 ta ɗauki Kofin FA a 2013, bayan 'yan kwanaki ta faɗi daga Firimiya. In ya haɗiye wannan jimlar, ya gane.

A Gasar Zakarun Turai sai a yi hattara da wasan gida da waje. Jimillar wasa biyu ake lissafawa, don haka ƙungiya tana iya shan kashi 1-0 a daren ta fita tana rawa saboda ta ci 3-0 a karon farko. In jimilla ta zo ɗaya, ƙarin minti 30, sannan fenareti biyar-biyar. Dokar fifita ƙwallon waje UEFA ta soke ta a 2021, kada wani tsohon hannu ya cusa masa ita. Daga 2024 kuma babu rukunonin 'yan huɗu-huɗu: ƙungiya 36 a teburi guda, kowa wasa takwas, takwas na sama su wuce zagayen 'yan 16, na 9 zuwa 24 su yi wasan cike gurbi.

Sadiq_Gunners
Sai kuma sati biyun da Firimiya ke ɗaukewa ɗif saboda wasannin ƙasa da ƙasa, da lokacin da 'yan Afirka ke tafiya gasar nahiyarsu ana tsakiyar kaka, ƙungiya tana biyan albashi ba ta da ikon hanawa. Mai kallon NFL bai san wannan ba ko a mafarki.

Hajiya_Firimiya
Ƙananan abubuwa biyu masu sa shi ya karanta sakamako a juye. A nan mai gida ake fara rubutawa, a Amurka baƙo ne a farko. Sannan jerin teburi nasara, canjaras, rashin nasara ne, su kuwa nasara, rashin nasara, sannan canjaras. Ya ga 10-5-3 sai ya ɗauka an doke su sau biyar.

Kawu_Tarihi
Yara, kuna magana kamar Amurka ba ta san tamaula ba. Ta doke Ingila 1-0 a Kofin Duniya na 1950 a Belo Horizonte, sun yi 1-1 a 2010, 0-0 a 2022. Matansu sun ɗauki Kofin Duniya sau huɗu: 1991, 1999, 2015, 2019. Su suka karɓi baƙuncin na 1994, zuwan Najeriya na farko, inda Baggio ya farke mana ana saura minti biyu, a gasar Olympics ta Atlanta kuma muka ɗauko zinare a 1996.

Abin da ya shafi muhawararku shi ne MLS, babbar gasar tamaula ta Amurka. Da aka fara ta a 1996, masu ita sun ji tsoron ainihin abubuwan da kuke lissafawa. Sai suka sa agogo yana sauka zuwa sifili, suka kuma hana canjaras: in an tashi kunnen doki, ɗan wasa ya taso da ƙwallo daga yadi 35 shi da gola, yana da daƙiƙa biyar. Ba ta ja masu kallon NFL ba, ta kuma ɓata wa masu son ƙwallo rai. Bayan kakar 1999 suka watsar. Amma faɗuwa har yau babu ita a MLS, kuma zakara da wasannin sili ɗaya ƙwale ake fitar da shi. Ku duba wanne suka iya sauyawa, wanne suka riƙe.

Malam_Lissafi
Kawu ya taɓo inda ke ciwo. Wanda ya zuba kuɗi ya sayi gurbi ba zai yarda a sauke shi ba. Ai wannan tsarin na rashin faɗuwa aka so shigo da shi Turai a Afrilun 2021 da Super League: ƙungiya 12, shida daga Ingila, waɗanda suka kafa ta ba sa faɗuwa. Uku daga cikin na Ingilan a hannun Amurkawa suke, iyalan Glazer a United, Fenway a Liverpool, Kroenke a Arsenal. Cikin kwana biyu magoya baya suka rusa ta a titi. Kroenke ɗin nan shi ya ɗauke Rams, ƙungiyarsa ta NFL, daga St. Louis zuwa Los Angeles a 2016, kuma a can ba sabon abu ba ne, Raiders ma ta bar Oakland zuwa Las Vegas a 2020. A Ingila da aka ɗauke Wimbledon zuwa Milton Keynes a 2003, magoya bayanta sun riga sun kafa AFC Wimbledon tun 2002, suka faro daga can ƙasa. Har yau ba a yafe ba.

Gola_Na_Sabongari
Mun bar baƙo a tsaye mun tafi siyasa. In zai je filin da kansa ga abin da zai hana shi jin kunya. Magoya bayan baƙi ɓangarensu daban da ƙofarsu daban, tikitinsu a Firimiya ba ya wuce fam 30 tun 2016. Kada ya sa rigar baƙi ya zauna cikin masu gida, kada ma ya yi murna in baƙi sun ci, masu tsaro za su fitar da shi tun kafin maƙwabtansa su yi. A Amurka ana zama a cakuɗe, a nan a'a. Ba a shan barasa a inda ake hango fili, dokar 1985 ce. Tikitin manyan ƙungiyoyi sai ya yi rajistar zama mamba tukuna, kuma sayen na bayan fage a bakin fili haramun ne a doka. Ya shiga da wuri, don babu hutun talla da zai tashi sayen abinci, minti 45 a jere ne.

In a gida zai kalla: wasannin ƙarfe uku na ranar Asabar ba a nuna su kai tsaye a Birtaniya, an rufe daga 2:45 zuwa 5:15 don kada ƙananan ƙungiyoyi su rasa 'yan kallo. Zai ga ɗan'uwansa a Chicago yana kallon wasan da ake yi a bayan gidansa, shi ba hali.

Bature_Kwando
Saura kasuwar 'yan wasa. A can musaya ake yi, a ba da ɗan wasa a karɓi wani ko damar zaɓe, kuma sau da yawa ba a neman yardarsa, da kwantiraginsa ake tura shi. A nan ƙungiya ke biyan ƙungiya kuɗi, kamar Yuro miliyan 222 da PSG ta ba Barcelona kan Neymar a 2017, sannan a zauna da ɗan wasan a yi sabon kwantiragi. In ya ce a'a, ciniki ya mutu. Kasuwa sau biyu take ci, bazara da Janairu. Akwai aro. Wanda kwantiraginsa ya ƙare yana tafiya kyauta, tun hukuncin Bosman na 1995. Yara kuma a makarantar ƙungiya ake rainonsu tun suna ƙanana, ba jami'a ake jira ba.

MaiTuta_Zariya
Duk na ji. Amma ranar farko ba Bosman zai tambaya ba. Tuta zai ga an ɗaga, ya ce me ya faru. Kuma a ƙara masa cewa a wasan da ke da VAR mai tuta yana jinkirta ɗagawa da gangan idan abin ya yi kusa, sai harin ya ƙare, don kada ya kashe ci na halal. Shi ya sa ake murna sannan tuta ta tashi.

Hajiya_Firimiya
Malam MaiTuta, mutum yana iya shekara goma yana kallo bai iya zana layin satar gida ba, kuma bai fasa jin daɗi ba. Amma wanda bai san abin da maki ɗaya ke yi ba, minti 20 zai yi ya ɗauko waya. Ni dai teburi, kuma a zaɓar masa ƙungiya ɗaya ya bi, gara ma wadda ke tsakanin na 14 da na 18.

MaiUsur
In ana so a haɗa duka a zama ɗaya, a kai shi ranar ƙarshe ta kaka. Wasa goma a lokaci guda ake take su, teburi yana motsi a gefen allo, ci a wani gari yana sauke ƙungiya a wani garin, ƙarin lokaci kuma kowane fili da nasa. Amma in a watan Satumba ya iso fa? Ba za a ce ya jira Mayu ba.

Ummi_Blues
Sai zagaye na uku na Kofin FA a Janairu, ko wasannin 26 ga Disamba. Malam DanFagge, ba ka faɗa mana garin da yake ba. In kusa da ƙungiyar League One ko League Two yake, tikiti ya fi sauƙin samu, kuma babu VAR a wasannin lig ɗinsu, an rage masa darasi ɗaya.